Garayar da Ke Rataye a Ɗakin Kaka: Gane Ta, Sanin Shekarunta da Riƙonta



Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wani al'amari ne da ya faru a kan idonmu shekaru kaɗan da suka wuce. Wani dattijo ya rasu a ɗaya daga cikin ƙauyukanmu na wajen iyakar Katsina, mutumin da ya gaji harbi wurin mahaifinsa, shi ma mahaifin gadonsa ya yi. Da aka zo rabon gado aka ƙidaya gonaki da awaki da damman geron da ke rumbu, kowa ya san rabonsa. Can sai aka tarar da wata tsohuwar garaya rataye a bayan ƙyaure, hayaƙi ya mayar da ita baƙa ƙirin, fatarta ta tsage, tsarkiya ɗaya ce ta rage mata. Ba wanda ya sa ta a lissafi. Wata daga cikin matan gidan ta ce a jefa ta murhu, wani ƙanen mamacin ya ce a ba yara su yi wasa. Babban ɗansa, wanda ma'aikaci ne a birni kuma mai ƙaunar mahaifinsa, ya ce a'a, shi zai tafi da ita ya sa a gyara. Ya kai ta wurin wani kafinta. Kafinta kuwa ya yi iyakar abin da ya sani: ya ɓamɓare tsohuwar fata ya yar, ya goge itacen da sanfefa har ya yi fari tas, ya shafa masa fenti mai ƙyalli, ya shimfiɗa ledar kujera ya bi ta da ƙusoshi. Da salla ta zagayo ɗan nan ya kawo mana ita yana murna. Muka tambaye shi ina kwabon nan mai huji da muka sani ɗaure a wuyanta tun muna yara. Ya ce ai kafinta ya ce tarkace ne, ya haɗa da shara.

Ba mu ga laifinsa ba, domin niyyarsa kyakkyawa ce, kuma ya fi masu cewa a ƙona. Sai dai an yi gyaran gangar Auzinawa. Duk abin da zai iya gaya mana ko garayar nan ta ga zamanin Sarki Abbas ko kuwa ta zamanin Sardauna ce, yana jikin abubuwan da aka zubar.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani ɗan molo mai tsarkiya takwas da ake kira mandolin, wanda ya yi ƙarfi a birnin Napoli na Italiya tun ƙarni na 18. Masu sha'awar tsofaffinsa ba su shan wahala sosai wajen sanin shekarunsa, saboda wanda ya ƙera yakan manna takarda a cikin cikinsa ɗauke da suna da lamba. Wasu daga cikin waɗanda kamfanin Gibson ya yi a Amurka tsakanin 1922 da 1924 ma har da sa hannun injiniyansu Lloyd Loar da kwanan wata, kuma an sha sayar da ɗaya a kan fiye da dala dubu ɗari. Garayarmu ba ta da takarda, ba ta da lamba. Masassaƙin da ya fafe ta bai rubuta sunansa ba, mai yiwuwa ma bai taɓa tunanin wani zai tambaya ba. Takardar shaidarta ita ce jikinta, sai kuma bakin tsofaffin da suka rage. Wanda ya goge jikin kafin ya karanta shi, daidai yake da wanda ya wanke allo kafin a biya.

Kafin a kai ga shekaru sai a san ko mene ne a hannu, domin yaran yanzu duk abin da ke da tsarkiya molo suke ce masa. Garaya tsarkiya biyu gare ta, cikinta itace ne da aka fafe mai siffar ƙwai, an rufe shi da ɗanyar fata, wadda a da ta gada aka fi so. Sandarta zagayayya ce, tana shiga ta ƙarƙashin fatar, ta ɓullo ta sake nutsewa kamar ɗinki, ta tsaya a wata 'yar ƙofa da ke kusa da gindi, inda ake ɗaure tsarkiyoyin. A sama kuwa da zobban fata ake kama su, a ja zobe sama ko ƙasa har a sami muryar da ake so. Akan kafa wani ɗan faifan ƙarfe mai ƙananan zobba a ƙarshen sandar domin ya riƙa amsawa da ƙara idan an kaɗa. Akwai babbarta da ake kira komo, wadda cikinta na duma ne. Molo na ainihi tsarkiya uku gare shi, cikinsa dogo kamar ɗan kwalekwale. Gurmi da rabin ƙoƙo ake yin sa, sandarsa tana huda ƙoƙon ta fita ta ɗaya gefen, shi ne na 'yan kokawa, kuma da shi marigayi Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna. Kuntigi tsarkiya ɗaya ne tak, sau da yawa cikinsa gwangwanin kifi ne da aka ɗaure wa fatar akuya. Duk wanda ya san Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya san muryarsa. Goge da ƙanwarsa kukuma ba su cikin wannan dangi kai tsaye, domin su gogawa ake yi da izgar doki, amma larurarsu wajen ajiya ɗaya ce da ta sauran. Idan kuka ga fata mai ƙananan gurza-gurza kamar an jera tsakiya, ta guza ce ko damo, kuma a kan goge da gurmi aka fi samun ta.

A ƙasarmu garaya ce ta fi yawa, kuma dalilin yana cikin tarihin ƙasar. Wanda ya tashi ya ga gona na haɗe da gona daga Shanono zuwa Faruruwa, daga Leni zuwa Kokiya, ba zai yarda da sauƙi cewa an taɓa yin daji a tsakani ba. Amma tsofaffin da muka tarar sun ba mu labarin kurmi da namun dawa a wuraren da yanzu ko zomo sai an sha wuya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, ga kuma haraji da dole a biya da kuɗin Bature. Jama'a suka ƙaru, gatari ya shiga daji, saura ta ƙare. Garaya kuwa kiɗan maharba ce: da ita ake zuga su kafin fita, da ita ake yi musu kirari idan sun dawo da nama, da ita ake ambaton waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Da daji ya ƙare sai aikinta na farko ya ƙare, aka bar ta da aiki na biyu, wato kiɗan bori, inda masu buta ke raka ta. Wannan aiki na biyu shi ya jawo mata baƙin jinin da take ciki har yau, za mu kuma dawo kansa.

Kada ƙanƙantarta ta ruɗe mu, danginta sun yi nisa. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa, da ya ziyarci daular Mali a 1352 zuwa 1353, ya ga mawaƙa suna tafe gaban sarki riƙe da irin waɗannan kayan tsarkiya. A Maroko akwai gimbiri na mutanen Gnawa, a Tunisiya akwai gumbri, dukkansu da zagayayyar sanda da fuskar fata da ƙarfe mai zobba, kuma jikokin bayin da aka ƙetara da su hamada ne ke kaɗa su. Har yanzu akan tsinci kalmomin Hausa a cikin waƙoƙinsu. Wani likita Bature, Hans Sloane, ya zauna a tsibirin Jamaika daga 1687, kuma a littafin da ya buga a 1707 akwai zanen kayan kiɗan bayi na duma da fata da tsarkiya. Daga irinsu banjo na Amurka ya fito, masu bincike kuma suna lissafa gurminmu cikin 'yan uwansa. Nan gida ma baƙi ne suka fi rubutawa: David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu daga Zariya da Katsina suka buga a 1971, Fremont Besmer kuma ya zauna da makaɗan garaya da goge na Kano ya fitar da littafinsa a 1983. Daga baya malamanmu na jami'a irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka ɗauki aikin. Mu malaman makarantun ƙauye, da muke kwana muna tashi da masu abin, ba mu rubuta ko shafi guda ba. A shekarun da suka biyo bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin da muke fitowa daga kwalejin horon malamai da ƙuruciya da zafin kai, yaron da aka gani wurin garaya da dare bulala yake sha da safe. A darasin aikin hannu tsintsiya da igiya muke sa su kawo. Da mun ce kowane yaro ya je ya tambayo kakansa wa ya sassaƙa garayar gidansu, da yau muna da littafi.

To, yaya ake karanta shekarun abin da ba shi da takarda? Abu na farko da za a riƙe shi ne garaya ba ta da shekara ɗaya. Itacenta na iya kai shekara ɗari, fatarta ta ashirin, tsarkiyarta ta bara. Makaɗi yakan canja tsarkiya sau da yawa a shekara, ya canja fata idan ta fashe, amma cikin da ya gada ba ya rabuwa da shi. Saboda haka kowane sashe da tasa shaidar, kuma ba a ɗaukar shaidar wani a ɗora wa wani.

A fara da itacen. A haska tocila ta 'yar ƙofar nan a duba ciki. Aikin masassaƙin da ya yi da gizago yana barin sawu, sara bisa sara kamar ɓawon kifi, kuma kaurin bangon ba ya zama daidai ko'ina. Ciki mai santsi sumul, ko mai layukan zarto, ya nuna hannun kafinta da kayan kanti. Daga nan a dubi sandar. Inda yatsun hagu suka shekara suna hawa da sauka yakan lotsa, ya yi duhu da sheƙi irin wanda zufa da maiƙon hannu kaɗai ke bayarwa, kuma a gefe ɗaya yake. Wannan ba a iya ƙirƙirarsa da gaggawa. Baƙin hayaƙi kuwa sai a yi hattara da shi: ɗakin ciyawa da ake hura wuta a ciki yana baƙanta abu cikin shekara biyar, kuma masu sayar wa baƙi kayan gargajiya sun daɗe da sanin a rataye sabon abu bisa murhu.

Sai yadda aka kama fatar. Tsohon aiki da ɗinkin tsirkiyar fata ake yi, ko da 'yan turakun itace. Idan ƙusa ce, a duba irinta. Ta maƙeri tana da kusurwa, kanta a baje ba daidai ba, kuma ba biyu da suka yi kama. Ta kanti zagayayya ce, duk tsawo ɗaya. Sau da yawa za a ga layin tsofaffin huji a bakin itacen waɗanda ba kome a cikinsu. Kowane layi fata ɗaya ce da ta ƙare aka sake. Garayar da muka ƙidaya wa layi uku ta ga makaɗi fiye da ɗaya.

Tsarkiya ita ce mafi raunin shaida, amma tana faɗin lokacin da aka daina kaɗawa. Ta izga ko ta jijiya ko ta murɗaɗɗiyar fata ita ce ta da. Igiyar roba irin ta masunta ba za ta riga 1939 ba, domin a shekarar aka fara sayar da ita a Amurka, kuma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu da daɗewa ta zama ruwan dare a kasuwanninmu. Wayar birkin keke ma ta shigo bayan keke ya yawaita a ƙauye. Haka ɗan faifan ƙarfen nan na sama: wani maƙeri ne ya buga shi daga ƙarfe, wani kuma daga garwar kananzir ko gwangwanin madara aka yanko. Idan na gwangwani ne a juya bayansa, wani lokaci akan sami ragowar rubutun kamfani, wanda zai taimaka.

Shaidar da ta fi kowace daɗi ita ce kuɗi, kuma a nan ne asarar da muka ba da labari ta fi ciwo. Makaɗa sun saba ɗaura wa kayansu wuri ko tsabar da wani ya yi musu kari da ita. Wuri shi ne kuɗin ƙasar nan kafin Turawa su ci Kano a 1903, ya kuma ci gaba da yawo a kasuwannin ƙauye shekaru bayan haka, sannan ya zauna a matsayin ado, saboda haka shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Amma anini da kwabo masu huji a tsakiya, masu tauraro mai tsini shida da ɗan rubutun Larabci, suna ɗauke da shekara da sunan Sarkin Ingila na lokacin. An fara buga su tun 1907 zamanin Edward na Bakwai, aka bi da George na Biyar, da George na Shida, da Sarauniya Elizabeth. Akwai ma na 1936 mai sunan Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a kan gado ba ya sauka. A 1959 Nijeriya ta sami tsabarta, kwabonta ma da huji. Da aka canja zuwa naira a 1973 sai huji ya tafi. Sai dai a lura da abin da kwabo ke iya faɗa da wanda ba ya iyawa. Kwabon 1936 yana nufin ba a ɗaura shi kafin 1936 ba. Ba ya nufin a shekarar aka sassaƙa garayar. Mai yiwuwa ta riga shi da shekara talatin, mai yiwuwa kuma sai a 1960 wani ya ciro shi daga aljihu. A duba ko igiyar da ta riƙe shi ta tsufa daidai da sauran, a duba ko ya bar zobe a jikin itacen inda ya daɗe yana gugar sa.

Bayan an gama da jiki sai a koma ga baki, kuma wannan ba ya jira. Tsohuwa ba za ta ce muku 1930 ba, amma za ta ce mijinta ya karɓi garayar wurin wansa shekarar da aka naɗa wane. A nan jerin sarakunan Kano ke zama ma'auni: Alu daga 1894 zuwa 1903, Abbas zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963, sai Inuwa na 'yan watanni, sannan Ado Bayero har 2014. Akwai kuma shekarun da ba a mantawa, kamar yunwar Kakalaba ta 1914 da farin da aka yi a 1973. A tambayi mutum biyu ko uku daban-daban, ba a gaban juna ba, domin idan babba ya faɗa ƙarami ba ya musawa. A kuma yi hattara da kalmar kaka, wadda a bakinmu takan haɗiye mutum uku. Idan baki ya ce zamanin Abdullahi Bayero, kwabo ya ce 1936, ƙusoshin maƙeri suka amsa, to an sami abin rubutawa da natsuwa.

Yanzu ga batun gyara. Shawararmu ta farko ita ce a tsaya a yanke ko me ake so da ita: shaida ce za a ajiye, ko kayan kiɗa ne za a mayar bakin aiki? Idan alamun da muka zayyana sun nuna ta tsufa, to a bar ta da tsagaggiyar fatarta. A kaɗe ƙura da busasshen burushi mai taushi, shi ke nan. Ba ruwa, ba sabulu, ba fenti, ba baƙin mai, ba gam ɗin nan mai kamawa nan take, wanda idan ya shiga itace ba ya fita sai da tsoka. Wanda yake son jin muryarta ya kai ta wurin masassaƙi ya auna ya yi masa sabuwa irinta, masassaƙin ma ya samu. Ma'aikatan gidajen tarihi suna da ƙa'idar da muka ga hikimarta: kada a yi gyaran da wani ba zai iya warwarewa ba gobe.

Idan kuwa ba tsohuwa ba ce can, kuma akwai mai kaɗawa, to a kai kowane sashe ga mai shi. Fata ba jemammiya ake sawa ba, domin wadda ta sha bagaruwa ta yi laushi ba ta da murya. Ɗanya ake nema, ta akuya ta wadatar tunda gada ta yi wuya kuma bai kamata a bi 'yan da suka rage ba. Akan jiƙa ta ta kwana, a kankare gashin, a ja ta bisa cikin tana jiƙe, a ɗinke, a yanka hanyar sanda, a bar ta ta bushe a inuwa kwana biyu ko uku. Wanda ya yi gaggawa ya shanya a rana zai ga ta ja da ƙarfi ta karkatar da sandar, ko ta yage daga wurin ɗinki. Ƙoƙon gurmi ko na goge idan ya tsage, gyartai ne maganinsa, wanda zai huda gefe da gefe da zazzafar basilla ya ɗinke, kamar yadda yake yi wa ƙwaryar nonon Fulani. Duk abin da aka cire, ko guntun igiya ne, a sa shi a ambulan a rubuta ranar da aka cire da wanda ya cire.

Ajiya a birni tana da nata haɗarin, kuma ku wannan ya fi shafa. Fata tana numfashi da iska: da damina ta saki, da hunturu ta ɗaure tamau. A Ikko da Fatakwal laima ce abokiyar gaba, takan sa fata ta yi furfura ta ruɓe, musamman idan an naɗe ta a leda. A Kano da Abuja bushewar hunturu ce, sai kuma na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke tsotse danshi dare da rana. A sassauta tsarkiya kafin iskar hunturu ta taso. A naɗe a farin ƙyallen auduga. Kada a rataye ta jikin bangon ƙasa inda gara ke bi, ko dab da rufin kwano, ko inda rana ke faɗowa ta taga. Kada a shafa wa fuskar fatar mai ko da man kaɗe ne, yana kashe murya, yana kuma kiran ɓera da tururuwa. Busasshen ganyen darbejiya a cikin akwatin yana taimakawa, a riƙa sabunta shi. Lokaci lokaci a ɗaga ta a duba ƙarƙashi. Idan aka ga gari mai laushi kamar an niƙa, ƙwaro na cin itacen daga ciki. A raba ta da sauran kayan katako nan take, a nemi shawarar ma'aikatan Gidan Makama ko na Gidan Ɗan Hausa a Kano, kada a yi mata feshin maganin sauro.

Mun ce za mu dawo kan baƙin jinin garaya, kuma ba za mu kauce ba. Malaman jihadin 1804 sun yi suka mai ƙarfi ga bori da shagalin da ke tare da shi, malamanmu na yau ma haka, kuma ba mu zo jayayya da su ba. Mun san gidaje a ƙasarmu da suka ƙona kayan kakanninsu domin neman tsarkaka, mun kuma san wasu da suke ɓoyewa kada surukai su ji cewa jininsu ya taɓa kiɗa. Abin da muke cewa kawai shi ne ajiye shaida daban, aiki da ita daban. Gidan Makama cike yake da sulke da kwari da baka, ba kuwa wanda ya ce ma'aikatansa na shirin yaƙi. Jikan da ya san cewa kakansa na uku maharbi ne, na biyu ya bar daji ya kama noman gyaɗa, mahaifinsa kuma ya sauke Alƙur'ani, ya san hanyar da gidansu ya biyo, kuma ya fi sanin darajar inda aka iso. Sau da yawa za a tarar da layu ɗinke a wuyan garayar maharbi. Idan malamin gida ya ga lallai a cire, a cire ta hanyar warware ɗinki ba yankewa ba, a ɗauki hoto tukuna, a rubuta inda kowace take. Ita kanta takardar da ke ciki shaida ce, domin tsofaffin takardun ƙasar nan da yawa daga Italiya fatake suka kawo su ta hamada, kuma idan aka ɗaga su a haske ana ganin tambarin jinjirin wata uku.

Akwai kuma masu yawo ƙauyuka da babur suna tambayar tsofaffin kaya, su ba da abin da bai kai kuɗin buhun taki ba. Ya kamata ku sanar da na gida cewa dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana sayar da kayan tarihi ga wanda hukumar ba ta amince da shi ba, ta kuma hana fita da su ƙasar waje ba da izini ba. Abin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da dokar ta kira kayan tarihi, haka ma wanda aka yi amfani da shi a bukukuwan gargajiya idan yana da muhimmanci.

Roƙonmu ga masu zuwa gida da salla ko da kaka ƙarami ne. Wayar da ke aljihunku ta isa. Ku ɗauki hoton garayar gaba da baya da ciki, ku ajiye rula a gefenta domin a san girmanta. Ku zaunar da mafi tsufa a gidan ku ɗauki muryarsa: wa ya sassaƙa, da wane itace, a wane gari, wa ya fara kaɗawa, wa ya gada, wa ake yi wa kiɗan, yaushe aka rataye ta. Ku rubuta amsar a takarda mai kauri da fensir, domin biro yana dushewa, ku ɗaura da zare a jikin sandar, ku kuma aiko wa sakatariyar ƙungiya da kwafi tare da sunan gari da unguwa.

Ɗan marigayin nan da muka fara da labarinsa ya koma ƙauye bayan hirarmu ya zauna da gwaggonsa, wadda ta haura tamanin. Ta gaya masa cewa garayar ba a garinsu aka sassaƙa ta ba, kakansa ne ya zo da ita daga wajen Katsina tare da amaryarsa ta farko, kuma akwai ƙanwarta da aka yi daga itace ɗaya, wadda ta bi wani reshen gidan. Ya bi sawu ya same ta a cikin wani tsohon rumbu, gara ta ci gefe guda, amma fatarta da ɗinkinta da kwabonta suna nan. Wannan karon bai kai ta wurin kowa ba. Ya kawo ta naɗe a rawani, muka sa tabarau muka karanta kwabon tare: 1920, George na Biyar.